Motata Ta Ƙi Shiga Gida

'Yan uwa masu karatu, yau ku yafe min doguwar gaisuwa. Raina a jagule yake, kuma in ban zazzage muku abin da ke cikina ba, ina jin sai ya fasa min ƙirji.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har masu sayen kayana. Sana'ata gasa kek. Abba ya ware min wani ɗan ɗaki a bayan gida, nan nake kwaɓi da gashi, in kai wa mutane har ƙofar gidajensu. Bayan tanderuna, abin da na mallaka a duniya shi ne wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka, tsohuwar hannu, wadda na saya da gumina. Yayata kwalin ashana take ce mata. Ni ma na san ba kyakkyawa ba ce. Tsayuwarta kamar ta matar da ta tattare zani za ta tsallake kwata, tsakanin taya da jikinta kuwa sai ka zura kanka ka leƙa. Amma ba ta taɓa yasar da ni a hanya ba.

Sai Dogo, wanda ke neman aurena. A shagon buga sitika da allunan talla yake aiki. Sunan nan ba a banza ya same shi ba, don in ya shiga motata gwiwoyinsa har gaisawa suke da haɓarsa. Ba ya ƙarya, ba ya raina sana'ata, in na yi aikin da ya kai ni ga ciwon baya shi ne farkon mai tambayar ya jiki. Cutarsa ɗaya ce, mota. Kuma abin haushin, ko taya bai mallaka ba, babur gare shi. Duk Lahadi da yamma shi da abokansa sukan taru a wani fili bayan gidan mai, su kewaye motocin da aka sauke wa ciki har ƙasa, waɗanda ko kyanwa ba za ta iya ratsawa ta ƙarƙashinsu ba, suna shafawa suna ɗaukar hoto kamar an kawo jariri.

A gida kuwa an fara gajiya da mu. Ranar nan Umma tana ninke kayan wanki a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Auta, yaron nan mai sitika, zuwa yake ko wucewa yake?"

"Zuwa yake, Umma."

"To ya daɗe a hanya."

Yayata ita ba ta iya zagaye ba. Saƙon murya take turo min, dogo-dogo, daga wurin aikinta: wai shekaruna ba tsayawa suke suna jirana ba, wai namijin da ya san abin da yake yi ba ya mayar da ƙofar gidan mutane wurin shan iska. Daga ƙarshe Abba da kansa ya kira ni falo, ya rage muryar rediyo, ya ce in gaya wa yaron yana son ganinsa ranar Asabar da yamma. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya mayar da muryar rediyonsa.

Na rubuta wa Dogo saƙon Abba. Amsa ta shigo nan take.

"Alhamdulillah. Zan zo, in Allah ya yarda. Ranar da nake jira ke nan."

Ina cikin murmushi sai ga hoto ya biyo baya. Wata 'yar mota ce irin tawa sak, amma an sauke ta, ta kwanta luf a kan titi, tayoyinta sun shige cikin jikinta kamar an ɗinka mata su.

"Kin gane ta? 'Yar uwar taki ce fa."

"To sai me?"

"Ki ba ni taki yini ɗaya. Mu sauke ta, in buga miki hoton kek da lambar wayarki a gefe da gefe, kyauta daga shago. Duk inda kika tsaya sai an ɗauki hoto. Talla ce mai tafiya da ƙafarta."

"Ka bar min motata yadda Allah ya yi ta."

"Ba Allah ya yi ta haka ba, kamfani ne. Kuma mota mai ƙasa ba ta tangaɗi a kwana. Kek ɗinki ma sai ya fi zama lafiya."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama ni. Ko kuwa in ce ita na riƙe a matsayin hujja, don gaskiya akwai wani abu a ƙarƙashinta. Sau nawa ina kai kaya manyan gidaje, in ajiye motata a gefen nasu masu sheƙi, in ga maigadi yana nuna min can baya inda masu kawo itace da ruwa ke tsayawa. Ni ma ina son ranar da zan tsaya a waiga a dube ni. Na daɗe ina kallon hoton nan, ina buɗe shi da yatsu biyu ina rufewa. Na rubuta, "Nawa ne?"

Ga waɗanda ba su san kan mota ba, kamar yadda ni ma ban sani ba kafin wannan makon: a saman kowace taya akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe da ake kira sifirin. Shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke shanye duka in an faɗa rami. Masu kuɗi in za su sauke mota, cire nata suke su sa gajeru waɗanda aka ƙera don haka. Muka je shagon kayan gyara muka tambaya. Da mai shagon ya faɗi kuɗin sai da na waiga in ga ko da wani yake magana. Kuɗin ya isa in sayi sabon tanderu har in haɗa da buhun fulawa. Muka gangara layin masu tsofaffin kaya, muka sha rana muna tsallake tarin ƙarafa, doguwar rigata mai ruwan bula duk ta kwashe tsatsa a gindi. Abin da muka samu guda biyu ne kacal, su ma na wata motar daban.

Na ce, "Shi ke nan, mu haƙura. Ba rabo."

Dogo ya share gumi ya ce, "Akwai hanyar talakawa."

Hanyar talakawa ita ce a kwance na jikin motar a yanke musu zagaye ɗaya-ɗaya da injin yankan ƙarfe, a mayar. Kuɗin aikin bai fi na ƙaramin kek ba. Bakaniken da ke duba min mota ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai kwancewa da ɗaurawa ne nasa, yanka kuwa ga mai walda can. Aka ɗaga motar a jak, aka ba ni benci a inuwa, na rufe hancina da mayafi ina kallon tartsatsin wuta yana tashi daga ƙarfen da na saya da zafin tanderu.

Aka mayar, aka sauke. Gaban hagu ya fi na dama ƙasa, motar ta karkace kamar mai ciwon haƙori. Aka sake kwance na dama aka rage. Da aka sauke sai ga gaba ya nutse, baya ya ɗage sama, kamar kazar da ke tsattsagar hatsi. Aka koma baya. 'Yan uwana mata, kun san yadda gyaran gira yake: ki rage wannan don ta yi daidai da waccan, ki koma ki rage waccan, kafin ki farga babu ko ɗaya. Haka muka yini.

Can da rana ta yi sanyi aka sauke ta, ta zauna daidai. Kuma wallahi ta yi kyau. Ban taɓa ganin motata ta yi kama da abin da mutum zai yi sha'awa ba sai ranar. Dogo ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce, "Ya isa haka."

Na fito da wayata na dubi hoton nan, na dubi motata. Na ce, "Ba ta kai ta hoton ba. A ƙara kaɗan mana."

Ya dube ni, ya yi dariyar jin daɗi, irin ta wanda ya sami abokin cuta. Aka ƙara.

Tun kafin mu fita daga layin garejin na gane araha ba ta ado. Duk tsakuwar da taya ta taka sai na ji ta a ƙashin bayana. In na faɗa ɗan rami, motar ba ta lanƙwasawa ta miƙe kamar da, tsalle take kamar ɗan akuya, kaina ya bugi rufi. In na murɗa sitiyari sosai sai in ji taya tana gurzar jikin mota. Dogo yana bina a baya a kan babur, duk sanda na kalli madubi sai in ga haƙoransa a waje yana ɗaga min babban yatsa.

Da muka iso gida sai aka zo wurin da gizo ke saƙa. A ƙofar gidanmu akwai kwata, a kanta kuma akwai wani ɗan hawa na siminti da mota ke bi ta shiga. Abba ne ya tsaya a kan magina da kansa aka zuba shi, ya sa aka ɗaga shi sosai don kada ruwan sama ya riƙa shigo mana, kuma har yau in baƙo ya zo yakan nuna masa cewa duk layin babu mai irinsa. Na saita motar na taka a hankali. Bamba ta daki siminti, ƙum. Na ja baya, na gwada a karkace. Ƙum. Dogo ya samo katakai ya jera, na hau, katako ya zame, cikin motar ya gurji siminti da wata ƙara da ta sa maƙwabciyarmu leƙowa ta taga. Daga ƙarshe na ajiye ta a waje a gindin bishiya, na shiga gida a ƙafa ina saɗaf-saɗaf kamar wadda ta yi sata.

Da safe ina shara na hango Abba a waje, hannayensa a baya, yana zagaya motar a hankali. Ya durƙusa ya leƙa, ya miƙe.

"Auta, tayoyin ne suka sace?"

"A'a, Abba."

"To wa ya zauna a kanta?"

"Ado ne, Abba. Yanzu haka ake yi."

"Ado," in ji shi. Ya sake maimaitawa a hankali kamar yana ɗanɗana kalmar, ya wuce ciki. Da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi.

Ranar ce kuma Umma ke da ganin likita saboda gwiwarta. Ta buɗe ƙofa ta dubi kujerar da ta koma can ƙasa, ta dube ni. Shiga dai ta shiga, da salati. Hanya kuwa duk tsallen da motar ta yi sai ta dafe ƙugu ta ce, "Sannu, Auta," wanda ni na san ba sannu ba ce. A asibiti sai da wata ma'aikaciya ta kama hannu ɗaya na kama ɗaya muka ciro ta. Da aka gama ta ce in yi gaba, ita tasi za ta hau.

"Gwiwa ɗaya na kawo a duba min," in ji ta. "Ba zan koma gida da ciwon baya ba."

Kafin yamma labari ya kai wa Yaya. Ta biyo daga wurin aiki, da jakarta a kafaɗa da takalminta mai tsini, ta tsaya a gaban motar ta yi dariya har da riƙe bishiya. Da ta shigo ɗakin gashina sai dariyar ta ɗauke.

"Namijin da ya rage wa motarki tsawo tun kafin aure, me kike zaton zai rage miki bayan aure?"

"Yaya, ba fa shi kaɗai..."

"Ni ba wannan ya kawo ni ba. Kek ɗin shugabarmu yana nan ranar Asabar, ko kin manta? Da bakina na ce mata ƙanwata ta fi duk masu shagunan nan. Kada ki sa in kasa ɗaga kai a ofis."

Ban manta ba. 'Yar shugabar tasu ce ta gama makaranta za a yi mata walima, aka ba ni kek mai hawa uku, aiki mafi girma da na taɓa samu. Ɗan abin da ke hannuna duk na zuba shi a fulawa da bota da sukari. Ko da zan so a mayar da motar yadda take, ƙarfen da aka yanke ba ya tsirowa, sabo kuma sai da kuɗi.

Na rubuta wa Dogo: "Motar nan ba ta tuƙuwa."

"Za ta saba."

"Amarya ce da za ta saba?"

"Ki dai rage gudu. In kin zo tudun rage gudu ki hau a karkace, taya ɗaya-ɗaya. Kowa haka yake yi."

"Kowa yana ɗauke da kek mai hawa uku?"

Ya turo min hoton fuska mai gumi. Na kife wayar a kan tebur don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Ranar Asabar kek ya fito yadda nake so, fari da ruwan hoda, da furannin sukari suna gangarowa daga sama. Na tsaya ina kallonsa kamar in yi kuka. Sai maganar kaiwa. Mai tasin da na saba kira wayarsa a kashe, mijin Yaya ya yi tafiya da tasu motar, wanda na tare a titi kuma da ya ga tsawon kek ɗin ya ce shi ba ya ɗaukar abin da zai zame masa shari'a. Ina tsaye a ƙofar gida da rigar aikina duk gari, sai ga Dogo a kan babur, tun da sauran rana. Farar shadda sabuwa fil, an goge ta har tana ɗaukar ido, hula a karkace kaɗan, turare yana riga shi isowa. Wai ya kasa zama a gida ne.

Ya dubi fuskata, ya dubi kek, ya gane.

"Ki tuƙa, ni zan riƙe. Hannuna ya fi kowane sifirin."

Muka tura kujerar gaba har ƙarshe, ya naɗe ƙafafunsa ya shiga, na ɗora masa farantin kek ɗin a cinya, na lulluɓe shi da farar leda. Muka kama hanya kamar masu tafiya a kan ƙwai. Masu motoci suna ta danna mana ham, wani mai babur ya rage gudu ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare. Dogo ya ɗaga farantin sama da cinyarsa, duk ramin da muka faɗa sai ya bi shi da hannu, jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Unguwar shugabar irin unguwannin nan ne masu dogayen katangu, titinsu shimfiɗe lafiya, amma sun cika shi da tudun rage gudu masu tsayi kamar kunyar dankali. Na farko na hau a karkace, cikin motar ya yi ƙara, muka wuce. Na biyu ma haka. A na gaba, nauyin Dogo da na kek suka haɗu, motar ta hau ta zauna daram a kan cikinta. Na taka mai, taya tana juyawa a banza. Na sake takawa. Wani abu ya ɓalle a ƙasa, motar ta saki wani ruri kamar injin niƙa. Salansa ce, wato bututun hayaƙi, ta cire.

Na kifa kaina a kan sitiyari. Wayata tana ta ruri, sunan Yaya a jiki.

"Ina ne gidan?" in ji Dogo.

"Can ƙarshen layin. Da nisa."

"Buɗe min ƙofa."

Na zagaya na buɗe. Ya zuro ƙafa ɗaya, ya zuro ɗayar, ya miƙe da kek ɗin a hannu ba tare da ya karkata ba, ya kama tafiya a tsakiyar rana. Da nauyinsa ya sauka motar ta ɗan ɗago, wasu masu gadi biyu suka taimaka suka tura ta ta sauka. Na naɗe hannuna da tsumma na jawo salansar na jefa a kujerar baya. Haka na bi shi a hankali, motata tana ruri, mutane suna leƙowa ta saman katanga. An dai waiga an dube ni, kamar yadda na roƙa.

Kafin mu kai hannayensa sun gaji, ya jingina kek ɗin da ƙirjinsa. Rana ta narkar da kirim, leda ta zame, gefe guda na hawa na biyu ya manne da farar shaddar nan. A kicin ɗin gidan na ciro wuƙata da ragowar kirim na yi ɗinkin da zan iya, na tattaro furanni na rufe wurin, na juya ɓarin ya kalli bango. Shugabar ta shigo da leshinta mai walƙiya, ta zagaya har bayan teburin, ta ɗan tsaya.

"Ba laifi," in ji ta.

Duk mai sana'a ta san irin wannan ba laifin. Ma'anarsa an gama da ke. Yaya tana tsaye a bayanta, ko kallona ba ta yi ba.

Lokacin da Abba ya sa ya riga ya gabato. Na ce wa Dogo ya je ya canza kaya, zan san abin da zan faɗa a gida.

"Gara ya gan ni da datti da ya zauna yana jirana," in ji shi.

Haka ya shiga falon Abba, ƙirjinsa ruwan hoda, bayansa jiƙe da gumi, turaren nan ya koma ƙamshin bota. Umma ta sa an share falon tun safe, an canza labule, an fito da kofunan da ba a taɓawa sai da baƙo. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan darduma ya naɗe dogayen ƙafafunsa. Na kai musu ruwa na fito, na laɓe a bayan labulen da ke tsakanin falo da baranda, tiren a ƙirjina.

Abba ya tambaye shi iyayensa, ya tambaye shi aikinsa, ya amsa da ladabi, muryarsa ba ta rawa. Har na fara sakin numfashi. Sai Abba ya ajiye kofinsa.

"Motar nan da ke waje, shawarar wa ce?"

"Tawa ce, Abba."

"Ita ba ta ce komai ba?"

"Ta ce in bar mata abinta. Ni na matsa mata, ni na sa aka yanke. Laifina ne daga farko har ƙarshe."

'Yan uwa, ni da ku mun san ba haka aka yi ba. Mun san wadda ta ce a ƙara kaɗan. Na buɗe baki a bayan labulen nan, na sake rufewa, na bar shi da laifin. A lokacin da zuciyata ke tafasa da haushinsa, a lokacin kuma na ji ba ni da wani a duniya sai shi. Ban san yadda ake haɗa waɗannan biyun a ƙirji ɗaya ba.

Abba ya ce, "Yarinyar nan a gaban wuta ta tsaya ta sayi motar nan. Ko taya ban saya mata ba. Da ita take neman abincinta, da ita take kai mahaifiyarta asibiti. Ni ba dukiya nake nema a wurinka ba, ɗana. Ina neman mutumin da in an ba shi abu lafiyayye zai dawo da shi lafiya. Na ga rigarka, an kuma gaya min abin da ka yi yau, ban raina ba. Amma wanda ya tura ka rijiya ya miƙo maka igiya, ba ka rasa abin tuna masa ba."

Dogo ya sunkuyar da kai.

Abba ya ci gaba, "Ranar da motar nan ta shigo gidan nan da kanta, ta tsaya inda ta saba tsayawa, ka biyo bayanta mu yi magana. Kafin nan kada ka wahalar da takalminka."

Na raka shi ƙofar gida. Na ce masa kada ya damu, abin mai sauƙi ne: mu nemi tsofaffin sifirin irin nata na asali, waɗannan ba su kai gajerun tsada ba. Zan karɓi ƙananan ayyuka, shi ma ya ɗan matsa a shago, mu haɗa. Ko wata ne ya ɗauka, ai ba gudu Abba zai yi ba.

"Uhm," in ji shi.

Bai dube ni ba. Idonsa yana ƙasa, yana ta goga takalminsa a kan simintin ƙofar gida, ya taka nan ya taka can. Na ɗauka kunya ce ta hana shi haɗa ido da ni, har tausayinsa ya kama ni. Na ce ya je ya jiƙa rigar kafin kirim ya kama.

Ina cikin wanke kwanonin gashi, gari bai gama duhu ba, saƙonsa ya shigo.

"Na samo mafita. Ki kwantar da hankalinki."

"Ka sami sifirin?"

"Ba ma sai an kai ga haka ba. Ki tuna abin da Abba ya ce. Cewa ya yi ta shigo da kanta. Bai ce a ɗaga ta ba."

Na goge hannuna a zani na sake karantawa.

"Me kake nufi?"

"Motar ba ta da laifi, Auta. Hawan ne ya yi tsayi. Ina da aboki magini, ya ce aikin safiya ɗaya ne."

Na kira shi, ba ta shiga. Na rubuta, "Kada ka kuskura." Na rubuta, "Wallahi in ka taɓa simintin nan babu ni babu kai." Na rubuta, "Don Allah, Dogo." Duk suka tsaya a hanya, alamar ya kashe wayar ko caji ya ƙare. Na yi tunanin in gaya wa Umma, na tuna fuskarta a asibiti. Na yi tunanin Yaya, na tuna ko gaisuwata ba ta amsa ba. Na lallashi kaina cewa duk haukan mutum ba zai kai nan ba, zuwa safe zai huce.

Da sassafe ina ɗaura ɗankwali na ji wani sauti daga waje, mai nauyi, har gilashin tagata yana amsawa. Na ɗaga labule. Babur ɗin Dogo yana jingine da bishiya kusa da motata, da buhun siminti ɗaure a bayansa. Wani mutum da ban sani ba yana tsaye a kan hawan Abba da babbar guduma a hannu, ya riga ya ɓantare gefe guda. Dogo kuwa yana durƙushe da igiyar awo, yana auna tsakanin bambar motata da ƙasa, fuskarsa cike da natsuwa irin ta mai aikin lada.

Ban sami takalmina ba, na fito haka. Ina kaiwa tsakar gida ƙofar ɗakin Abba ta buɗe. Ya fito da tabaransa a hannu, ya tsaya yana saurare. Gudumar ta sake sauka.

Ya sa tabaran a hankali, ya juyo ya dube ni.

"Auta," in ji shi, "wa ke fasa min ƙofar gida?"